Harajin Unguwar da Teku Ta Ci

Segarawangi, 9 ga Maris

Zuwa ga Yu Darsih,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Ratmi da jikoki. Yaya gwiwar? Mu nan alhamdu lillahi, sai hawan jinin matata Marni da ke hawa yana sauka kamar farashin barkono. Ta ce in gaishe ki da kyau.

Na san abin da za ki ce, wai tsohon malamin makaranta bai tuna da ke ba sai da buƙata ta kama shi. Gaskiyarki ce. Shekara huɗu ban rubuto ba, waya kuma ba ta shiga dajin manjan nan naku.

Tun da aka zaɓe ni majalisar birni aka ɗora ni a kan kwamitin kuɗi. Mu ne ke duba abin da ya shigo baitulmali da inda aka kai shi. Bana an kawo mana ƙudurin doka a kan filayen da teku ta ci, wato Kedungasin ɗinmu. Kamfanin da zai gina sabuwar tashar jiragen ruwa yana son wurin, zai cike shi da yashi. Birni ma yana da hannun jari a kamfanin, rupiah biliyan arba'in daga ajiyarmu, kuma ni ma na sa hannu bara don lissafin ya yi kyau a takarda. Amma ban yarda a kwashe filayen mutane a banza ba. Sai na sa aka ƙara sashe ɗaya: duk wanda ya nuna rasit na harajin fili na shekara bakwai a jere, fili nasa ne, in ya so ya sayar da daraja, in ya so ya hana. Babu wanda ya yi mini musu, har na yi mamaki.

Littafin haraji ne ya ba ni ƙarfin gwiwa. Kedungasin fili ɗari biyu da goma sha huɗu ne, shekara goma sha huɗu ke nan a ƙarƙashin ruwa, amma ita kaɗai ce unguwar da ba a bin ta ko rupiah ɗaya. Unguwar masu kantuna da motoci ko kashi sittin ba ta kai ba. Sunayen da ke littafin kuwa kusan duk na matattu ne, don ba a canja suna sai mai awo ya auna fili, mai awo kuma ba ya nutso. Namu har yau yana da sunan Kaka Sastro, kakan iyayenmu. Ranar da na zauna ina bin sunayen da yatsa, kowanne da hatimin "an biya" a gabansa, sai da na sake bin su daga farko.

To ga roƙona. Shekarar da Kawu Parjo ya rasu, shi da ke biya mana, shekara bakwai ke nan, na je tagar haraji aka ce an riga ni. Na gane ke ce. Na yi shiru don kada in tona abin da kika so ya ɓoyu, kin san halinmu. Yau dole ta sa na yi magana. Ki aiko mini da rasit ɗin duka bakwai. A filin nan mahaifiyarki, Gwaggo Ngatirah, take kwance, da kakana a gefenta, kuma ba na son kamfani ya taɓa su.

Ƙaninki,
Tarmuji

Hulu Sebaru, Kalimantan, 21 ga Afrilu

Dik Muji,

Wa'alaikumus salam. Ranka ya daɗe ɗan majalisa, ashe ana tunawa da talakawa. Wasiƙarka ta yi kwana talatin da biyar a hanya. Jirgin wasiƙu ya lalace, ta zauna a shagon bakin kogi tare da buhunan taki, har yanzu warinsu take yi. Gwiwa tana nan, ita ke gaya mini za a yi ruwa kafin rediyo ya faɗa. Ka ce wa Marni ta rage busasshen kifi, na san ta.

Na karanta takardarka sau uku, na uku da gilashin Ratmi. Muji, ba ni da rasit ko ɗaya. Ban taɓa biya ba.

Shekarar da Kawu Parjo ya rasu na ba mijin Ratmi kuɗin, da zai je gida sallah. Ya dawo mini da su a ambulan ɗinsu ya ce, "Mak, an ce an riga an biya." Na ce ai Muji ne, yaron kirki. Shekara ta zagayo na sake aikawa, aka sake dawo da su, daga nan na daina. Zumar dajin da nake aiko maka duk sallah, ca kake don kyawunka ne? Godiyar ke nan. Shekara bakwai ina sa sunanka a addu'a bayan kowace salla a kan abin da ba ka yi ba. Zumar na yafe maka, addu'ar kuma sai mu yi magana.

Na bar wasa. Mu 'yan Kedungasin gida huɗu ne a nan. Da na gama karatu na ɗauki sandata na zaga, ina tambaya a kaikaice kamar hira ce kawai. Wagiyem ta ce yayanta na Surabaya ke biyan nasu, da na matsa ta ce ba su taɓa yin zancen ba, amma wa zai biya in ba shi ba? Sai na je wurin matar marigayi Sariman. Kin san, au, ka san ba ta da kowa a duniya, ko kare. Tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Masu wurin ne ke biya, Darsih. Su ke zaune a ciki, ai su ya kamata." Na ce wane irin zance ne wannan da rana tsaka? Ta ce kowa ya sani, ba a dai faɗa ne.

Na yi mata dariya a can. Da na dawo gida na kasa cin abinci. Ni dai tsoro nake ji, kuma ban san na wa nake ji ba. Kada ka bari a wuce da sashen nan naka sai ka san hannun da ke biya.

Yayarka,
Darsih

Segarawangi, 30 ga Mayu

Yu Darsih,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Marni ta ce kifin nata ne, jinin ma nata ne.

Wasiƙarki ta iso ranar sha tara ga wata. Kwamiti ya amince da sashen tun ranar shida, ba ya janyuwa kuma. Saura ƙuri'ar majalisa gaba ɗaya a watan Agusta.

Na bi gida goma sha ɗaya na mutanenmu a rukunin gidajen da aka mayar da su. Ko'ina an ba ni shayi, ko'ina an ce fili na nan lafiya lau, haraji a biye. Babu mai rasit. Kowa yana da ɗan'uwan da yake wa godiya a zuci.

Akwai abin da ban gaya miki ba don ban ɗauke shi komai ba a da. Ƙa'idar birni ta ce takardar haraji sai an kai ta adireshin filin kansa, kuma ba a biya sai da lambar da ke jikinta. Saboda haka duk watan Mayu akawunmu, Pak Hartoyo, yakan ɗauki guduma da ƙusoshi ya shiga kwalekwalen tsoho Ponidi, ya bi unguwar fili fili. Kowace takarda a leda take, a ɗaure. Yakan kafa ta a falwaya, ko a kan rufin da ya rage a sama, ko a kututturen kwakwa. Bana na ce zan bi su.

Mun fita da hantsi. Ruwan a kwance yake, launin shayi, babu ko tsuntsu. Ponidi yana tuƙi yana karya kwana a inda ban ga komai ba. Na ce, "Lik Ponidi, me ya hana ka miƙe? Ga hasumiyar masallaci can a gabanmu." Ya ce, "Gidan mai unguwa ne nan, Malam. Ba a bi wa mutum ta cikin falo." Hartoyo kuwa duk filin da muka tsaya sai ya yi sallama, ya ɗan jira, sannan ya buga ƙusa. Na ce wa yake jira ya amsa? Ya ce, "Ba na jira a amsa, ranka ya daɗe. Ina dai ba da lokaci." Tamu an kafa ta a busasshen mangwaron bayan gida. Na leƙa ruwan daidai inda Gwaggo take, ban ga komai ba sai fuskata.

Washegari da safe na koma, ni da Ponidi kawai. Yu, babu takarda ko ɗaya. Ƙusoshin suna nan, ledojin suna nan, an zare takardun an mayar da ɗaurin yadda yake, har ɗari biyu da goma sha huɗu. Iska ba ta ɗaure leda. Na dubi Ponidi, ya ce, "Kullum haka ne. Ni kuɗin tuƙi ake biya na."

Mai karɓar kuɗi ta ce ta banki suke shigowa, duka a rana ɗaya, kowanne da sunan mamacin da ke littafi. Banki ya ce sirrin mai ajiya ne. Na rubuta musu da sunan kwamiti, sun ce in jira. Ni da na koyar da lissafi shekara talatin, yau ga ni ina karanta Ayatul Kursiyyu kafin in buɗe littafin haraji.

Ƙaninki,
Tarmuji

Hulu Sebaru, 2 ga Agusta

Dik Muji,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ƙaramar jikar ta yi zazzaɓi ta warke. Na amsa maka tun Yuni, ban sani ba ko ta iso. Shirunka ya fi wasiƙarka tsorata ni.

Kwana uku ke nan ina jin warin taɓon gida a ɗakin girki, irin wanda ke tashi in ruwa ya janye. Tsakaninmu da teku tafiyar kwana biyu ce. Ratmi ta ce ba ta ji komai, tsufa ne.

Zan gaya maka abin da ba zan gaya wa liman ba. Na fara fatan matar Sariman ce ke da gaskiya. In su ne ke biya, to fili yana hannun masu shi, ba ni da abin cewa. Rayayye nake tsoro. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Darsih

Segarawangi, 28 ga Agusta

Yu Darsih,

Wa'alaikumus salam. Ta Yuni ba ta iso ba, ta Agusta ta iso jiya. Lafiyar jiki muna da ita.

Rayayye ne.

Ranar ƙuri'a, kafin a fara zama, lauyan kamfanin tasha ya shigo zauren majalisa da mutum biyu suna tura kwalaye bakwai a kan amalanke, kwali ɗaya shekara ɗaya. Ya gaida kowa hannu biyu, ya nemi izini ya buɗe. Rasit ne, a jere bisa lambar fili, kowanne a cikin roba don kada ya lalace. Na ce a ba ni lamba tamanin da uku. Aka ba ni guda bakwai, duk da sunan Kaka Sastro.

Na ce, "Da izinin wa kuka biya wa kakana haraji?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, banki ba ya tambayar wanda ya kawo, lamba yake tambaya. Mun ga bayin Allah za su shiga bashi babu mai kula da su, shi ne muka taimaka." Jirginsu mai inji ne ke bin bayan Hartoyo da la'asar yana zare takardun. Ledojin kuma, wai manajansu ne ya hana a zubar da shara a teku. Daga baya na je na sami Ponidi na ce ashe yana ganin jirgin duk shekara. Ya ce, "Ina gani mana. Malam bai tambaye ni wa nake gani ba."

Tun kafin a kafa kamfanin a takarda suka fara biya. Sun san mu, Yu. Sun san in aka ce wa mutumin Kedungasin an biya masa, zai koma gida da kuɗinsa ya yi shiru, ba zai taɓa tambayar ɗan'uwansa "kai ne?" ba. Da su ne suka kawo sashen da kansu, da na yi gardama, sai suka jira wani mai kishin talakawa ya kawo shi da kansa. Da alƙalamina na rubuta shi. Kunyar da na ji a zauren nan ban taɓa jin irinta ba.

An yi muhawara awa huɗu. Shugaban majalisa ya ce in doka ta faɗi kamfani ya faɗi, in kamfani ya faɗi biliyan arba'in ɗin birni sun bi ruwa, kuma daga ribarsu aka tsara albashin masu shara da maganin asibitocin unguwa na baɗi. Ba ƙarya ya yi ba, ni na duba tsarin. Aka kaɗa ƙuri'a, ashirin da ɗaya suka amince, tara suka ƙi. Za a fara zuba yashi nan da wata biyu.

Ki yafe mini.

Tarmuji

Hulu Sebaru, 11 ga Oktoba

Dik Muji,

Assalamu alaikum. Muna nan. Na yi kukana na gama, na karanta wa sauran gida ukun. Matar Sariman ba ta yarda ba har yanzu, na ƙyale ta, ita ta fi mu samun barci.

Laifin shirun namu ne mu biyu, wannan ba sai ka nemi yafiya ba. Amma ka ƙirga mini hannu talatin a wasiƙarka, ba ka gaya mini inda naka yake ba. Da can da zan yi kawaici in ce Muji ai yana cikin taran. Kawaicin nan shi ya kai mu inda muke. Don haka ina tambayarka a fili, kamar marar tarbiyya: wane ɓangare ka ɗaga hannu?

Darsih

Segarawangi, 17 ga Fabrairu

Yu Darsih,

Wa'alaikumus salam. Wata huɗu wasiƙarki tana cikin aljihun rigata. Ba jirgi ne ya lalace ba wannan karon.

Ina cikin ashirin da ɗayan. Na tuna masu shara, na tuna asibitoci, na kuma tuna cewa sa hannuna yana kan biliyan arba'in ɗin, in sun nutse ni za a fara kira. Ban san wanne ya fi nauyi a hannun da na ɗaga ba. Ina so in ce na farkon ne, amma kin ce a fili.

Makon jiya kwamiti ya je duba aiki. Kedungasin ta zama fili fari fat, yashi har inda ido ya tsaya, mota tana tafiya a kai. Kan hasumiyar masallaci kawai aka bari. Na sauka na taka da takalmina.

Shugaban ma'aikatan ya ja mu gefe ya nuna mana wani wuri da aka kewaye da jan ƙyalle. Rami ne kamar faɗin ɗaki biyu, ruwa kwance a ciki. Ya ce tifa goma sha ɗaya suka juye a nan, duk safiya sai su tarar ya lotsa, ruwan ya dawo. Injiniya ya ce ƙila tsohuwar rijiya ce ko taɓo mai zurfi. Leburorin sun daina cin abinci a kusa da wurin. Na bar su suna magana, na koma gindin hasumiyar na ƙirgo taku zuwa gabas, yadda muke zuwa daga masallaci. Ɗari da talatin da biyu na samu zuwa bakin ƙyallen. Ban ce nan ne ba. Ƙafata ta tsufa, takuna ba irin na da ba ne. Amma bayan gidanmu ba a taɓa yin rijiya ba.

Kamfani ya nemi ƙarin rupiah miliyan ɗari shida don a zuba dutse da yashi a toshe wurin gaba ɗaya. Da yake birni na da hannun jari, sai shugaban kwamitin kuɗi, wato ni, ya sa hannu. In na ƙi, zan iya riƙe su wata shida, ƙila shekara, ramin yana nan a buɗe. Filin dai ba zai dawo mana ba ko na ƙi. Na ce musu ina nazari zuwa ƙarshen Afrilu.

Ba nazari nake ba, amsarki nake jira. Mahaifiyarki ce. In sa hannu ko kada in sa?

Tarmuji

Hulu Sebaru, 20 ga Maris

Dik Muji,

Assalamu alaikum. Na ba direban motar manja wannan ya kai birni da hannunsa don kada ta makara. Muna lafiya. Ban huce da kai ba, kada ka ɗauka na huce. Amma ka faɗi gaskiya, na ji.

Ka sa hannu.

Shekara goma sha biyar uwata tana kwance a cikin ruwa. Mu da ta haifa da waɗanda ta goya ba mu iya rufe ta ba, muna can muna aika wa juna zuma. In baƙi ne za su rufe ta, a bar su su rufe ta da kyau, kada ka rage musu ko tifa ɗaya.

Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba da kamfani nake ba, da kai nake. Ranar da za a zuba, ka je. Ka bar motar majalisa a gida, ka cire takalmi. Ka ce wa direban tifa ya kashe inji ya jira. Ka ɗebi ƙasa da hannunka sau uku ka fara zubawa, ka kira sunanta da na kakanka, ka yi musu addu'a da ƙarfi yadda leburori za su ji su ce amin. Bayan nan su juye abin da za su juye. Ba na so a rufe ta babu nata ko ɗaya a tsaye a wurin.

Yayarka,
Darsih